Maɓallin Gefe

Ran Talata maɓallin gefen wayar Baba ya faɗi,
ɗan mitsitsin abu, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.
Mun ɗaga darduma, mun zazzage takalma,
mun share har ƙarƙashin gado.
Babu.
Sai rami a jikin waya kamar gurbin haƙori.

Na ce, Baba, kwantar da hankalinka, akwai wani a ciki.
Ja daga sama, ga layi nan, tura shi gaba.
Ya ɗora babban yatsa,
yatsan da ya shekara talatin da ɗaya a wankin kuza a Bukur,
kanta ta mai da shi ƙaho.
Gilashi bai san an taɓa shi ba.
Ya lashi yatsan, ya sake. Layi na nan inda yake.
Ya ce, abin nan bai ɗauke ni mutum ba.

Injin kamfani ya cinye masa kunnen hagu,
na dama kuwa saura ƙiris.
Ba labarai yake nema a wayar ba, ba kiɗa ba.
Saƙon murya ne guda, daƙiƙa arba'in da uku,
Inna tana cewa in ya biya ta Farin Gada
ya sayo kabeji, kada ya yarda da farashin farko,
kuma ya sa rigar sanyi.
Sai tari. Sai dariya. Sai ya ƙare.
Bara da azumi muka kai ta.

Muka hau Keke zuwa Taminus,
wurin Davou, ƙarƙashin lema mai yagaggen gefe,
gawawwakin wayoyi cike da gwangwanin madara.
Ya buɗe bayanta, ya hura, ya ce:
Baba, maɓallin nan ɗan aike ne kawai.
Ba shi ke riƙe da murya ba.
Ka danna, ya ruga ciki ya gaya wa manhaja,
ita ke cewa a ƙara ko a bari.
Da shi da layin gilashi, ƙofar gida ɗaya suke bugawa.

Baba ya karkato da kunnen dama. Aka maimaita.
Ya ce, rediyona na da, in na murɗa, ni na murɗa.
Ba ya zuwa neman izinin kowa.

Davou ya sa masa abin kunne, ya tura layin sama.
Waya ta tsaya, ta fito da rubutu.
Me ta ce?
Na karanta masa: wai ƙara sauti fiye da haka
yana iya lalata ji.
Baba ya yi dariya har hularsa ta zame.
Ina take, ya ce, lokacin da injin ke ruri a kaina
tun asuba har la'asar?
Gaya mata ta makara da shekara arba'in.

Davou ya tona gwangwani,
ya ciro maɓalli daga wata matacciyar waya.
Ja ne, wayar Baba baƙa.
Ɗari takwas. Baba ya taya ɗari biyar,
don an ce kada ya yarda da farashin farko.

Yanzu da dare, in unguwa ta yi shiru,
ina jiyo shi ta bango:
ƙas, ƙas, ƙas,
sai muryar Inna ta taso, kabeji, rigar sanyi.
Matakai goma sha biyar ne, na ƙirga,
daga nan manhaja ba ta da abin bayarwa.
Shi kuwa yana ci gaba da dannawa,
sha shida, sha bakwai, ashirin,
ɗan aike na ta kai saƙo ƙofar da aka rufe.

Da safe ya ce min, jan nan ya fi na da ƙarfi,
jiya har numfashinta na ji.
Na zuba masa shayi.
Na ce, haka ne, Baba.